Jerry Rice ya hana ni barci jiya

Wallahi jiya har ƙarfe biyu ina YouTube ina kallon Jerry Rice, ni da ban taɓa damuwa da ƙwallon Amurkawa ba, ƙanena ne ya cusa min ita. Aikin Rice a fili shi ne ya sheƙa da gudu ya cafke ƙwallon da aka jefo, kuma ƙatti na binsa za su kayar da shi.

Abin da ya taɓa ni, babansa birkila ne a Mississippi, yana yaro ana jefo masa bulo yana cafewa. Ni ma na yi leburanci wajen kawuna, na san yadda bulo ke cinye tafin hannu har fata ta ɗaye.

Ƙaramar jami'a ya yi, Mississippi Valley State, amma ƙungiyar San Francisco 49ers suka ɗauke shi a 1985 ya ci Super Bowl (wasan ƙarshe na cin kofinsu) uku da su. Jimlar nisan da ya ci da ƙwallayen da ya cafke yadi 22,895 ne a shekara 20 da ya yi yana wasa, har yau ba wanda ya kamo shi. Na yi ta maimaita wasan Super Bowl na 1989 da suka yi da ƙungiyar Cincinnati, cafka 11, hannun kamar da danƙo.