Hoto ya fita, tambarina a jikinsa

Ba don biki na sayi kyamara ba. Marinar Ƙofar Mata ce ta ja ni: hannun marini da baba ya rine har gwiwa, da 'yan bugu da ke ta narkar shadda har sai ta ɗauki sheƙi. Da wata Canon 600D 'yar gwanjo na fara, sai gilashin 50mm guda ɗaya tal, mai araha, wanda kusan duk mai hoto ya taɓa riƙewa. Ranar Hawan Daushe tun da hantsi nake neman wurin tsayawa a Ƙofar Kudu, in sha ƙura da hayaƙin 'yan bindiga don kawai in samu jafi guda mai kyau. Da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, na yi murna ƙwarai, don tun ba a jin sunansa a can muke bin dawakan nan da kyamara.

Sai dai irin waɗannan hotuna "masha Allah" kawai suke kawowa. Kowa ya yaba, kowa ya ɗora a shafinsa, babu mai tambayar nawa ne. Kuɗi yana wurin biki, kuma a nan zamana mace ya yi min rana. Gidaje da yawa ba sa yarda namiji ya shiga wurin kamu ko sa lalle ko yinin mata, don a nan ne mata ke ajiye mayafi su sake, a kafa ƙwarya, a yi rawa a yi liƙi ba tare da an waiwayi ƙofa ba. Uwar biki za ta ce, "A nemo mana mace." Da wannan kalmar na ci abinci shekara da shekaru.

Ba zan ɓata lokaci kan fitilun ɗakin taro masu shuɗi da ja da ke mayar da fuskar amarya wata halitta ba, ko kan ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, don a samu damar gyara launi daga baya, ko kan "Anti, ki ɗan haska ni" da ke biyo bayan kowane aiki. Wannan duk mai sana'ar ya san shi, wanda bai sani ba zai koya a YouTube cikin wata guda. Abin da ya kusa rufe min sana'a ba ya cikin kyamara ko kaɗan.

Wani babban gida ne suka ɗauke ni aikin kamu da yini. Gida ne na malamai, matansu ba a ganin fuskarsu a waje. Tun wajen biyan kafin alƙalami uwar amarya ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, amana ce. Ko a wayarki ban yarda a gani ba." Na ce, "In sha Allahu, Hajiya." Kuma na cika. Ban ɗora ko ɗaya ba, ban tura wa ko ƙawayen amarya ba duk da nacin da suka yi ta yi min. Na zauna na tace hotuna, na gyara, na jera shafukan albam a kwamfutata, na sa ɗan tambarina a kusurwar kowane shafi kamar yadda na saba, na zuba a filash na kai wurin wankin hoto. Suka ce aiki ya yi musu yawa, in bari in dawo jibi. Na bari. Haka kowa ke yi, haka na yi ta yi tun da na fara.

Albam bai ma fito ba Hajiya ta kira ni. Ko sallamar kirki ba ta amsa ba. "Me muka yi miki? Ki faɗa min abin da muka yi miki." Hoton ƙanwarta ne, matar aure mai 'ya'ya manya, tana tsakiyar fili ba mayafi, ɗankwali ya zame, ta ɗaga hannu tana juyi, bakinta buɗe da dariya. Wallahi yana cikin hotunan da na fi alfahari da su a aikin nan, don na kama farin ciki tsantsa. Ga shi a ɗaya daga cikin shafukan nan na Instagram masu tara hotunan bukukuwa, da ɗaruruwan maganganu a ƙasa, wasu na yabo, wasu na wa'azi, wasu na iskanci. A kusurwar dama ta ƙasa kuwa, ga tambarina raɗau. Abin da na liƙa don kada a sace min aiki, shi ya tsaya ya ba da shaida a kaina.

Da na buɗa hoton sosai a kwamfuta sai na ga abin da Hajiya ba za ta gani ba. Ba fayil ɗina ba ne. Da waya aka ɗauke shi daga fuskar kwamfuta: ga layuka-layuka masu kaɗawa irin waɗanda ke fitowa idan ka ɗauki allo da waya, ga hasken doguwar fitila ya faɗo a kan goshin baiwar Allah, hoton ya ɗan karkace, kuma a gefen hagu ana hango bakin shafin da ke kusa da shi, da zanen furen da ni na zaɓa wa albam ɗin. Wannan shafin wuri biyu kawai yake a duniya, kwamfutata da ta masu wankin hoto. Ni kuwa a ɗakina ba ni da doguwar fitila.

Na je wurin da hujjata a hannu, jikina na rawa. Mai wurin ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kin san yaran yanzu." Shi ke nan. Yara huɗu ko biyar ke zama a kan kwamfutocin, ga masu jiran aiki a tsaye a bayansu, ga 'yan koyo, ga abokan 'yan koyo da suka shigo shan iskar fanka. Kowa da waya a hannu. A ranar na fara kallon wurin da idon basira: fuskokin kwamfuta duk suna kallon ƙofa, hotunan matan mutane a buɗe, na bikin wancan gida da na wancan, duk wanda ya shigo ya more kallo. Na sha shiga wurin nan ban taɓa lura ba, don idona na kan ko launin leshi ya fito daidai.

Na cika takardar ƙorafin haƙƙin mallaka ta Instagram, kuma sun sauke hoton, wannan kam na yaba. Amma kafin nan an riga an kwafe shi, ya shiga WhatsApp, ya zaga ƙungiyoyin dangi, ya isa wayar mijinta ta hannun wani abokinsa. Sai da ta yi makonni a gidan iyayenta kafin manya su sa baki ta koma. Ni da na ɗauki hoto don ta gani ta ji daɗi, ni ce sanadin da aka kusa kashe aure mai shekara ashirin da wani abu. Na kai wa Hajiya bayanin layukan allo da doguwar fitila. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To wa ya kai musu?" Ban da amsa. Har yau idan na tuna tambayar nan sai na ji wani abu ya tokare min wuya, don ta fi ni gaskiya, kuma duk da haka ba ni na yi ba.

Na mayar musu da kuɗinsu gaba ɗaya, ba su nema ba. Kuɗin da nake tarawa ne don in sayi Canon 6D, in huta da wahalar ɗauka cikin duhu. Ina shirin sake tarawa aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 700, kafin a ankara a farkon 2024 ta wuce 1,500. Duk kayan aikinmu da dala ake shigo da su, har na gwanjon. Kyamarar da na kusa kamawa ta yi min nisa. Amma asarar da ta fi ciwo ba ta kuɗin ba ce. Sana'ar hoton biki a bakin mata take tafiya, wannan ta faɗa wa wannan. Gidan na da 'yan mata da ke kan layin aure, ga surukai, ga maƙwabta, ga 'yan Islamiyyarsu. Duk suka ɗauke ƙafa a lokaci guda. Babu wanda ya zage ni a fili. Waya ce kawai ta daina ƙara.

A zaman da na yi ba aiki ne na nemi dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, na karanta abin da ya shafe mu. Asalin haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, wannan ya yi min daɗi, don masu kwashe mana hotunan hawa suna buga kalanda su sani. Amma dokar ta kuma ce wanda ya sa aka ɗauki hoto don harkarsa ta gida yana da ikon hana a yaɗa shi ga jama'a, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Wato abin da abokan sana'ata da yawa ke yi, su gama aiki da daddare su wayi gari sun ɗora amarya a shafinsu da sunan talla ba tare da sun tambaya ba, ba hurumin su ba ne. Sai dai ina ganin dokar ba ta kai inda ciwon yake ba a wurinmu. Wadda aka cuta ba ita ta biya ni ba, baƙuwa ce a bikin 'yar yayarta. Kuma wane gidan mutunci ne zai kai irin wannan magana kotu, a sake baza hoton a gaban alƙali da 'yan kallo? Hukuncin da ake yi mana a gida ake yanke shi, ba a kiran mu mu kare kanmu.

Yanzu ba na barin filash a ko'ina, ko da minti biyar ne. Ina zuwa wurin wanki da sassafe kafin a cika, in ja kujera in zauna kusa da yaron, a buɗe a gabana, a buga a gabana, a goge a gabana, a kuma buɗe kwandon sharar kwamfutar a sake gogewa, don gogewar farko ba gogewa ba ce. In sun ce sai jibi, in ɗauki kayana in tafi wani wurin. Sun sa min suna Hajiya 'yar sanda, ina ji ina dariya. Haɗa bangon albam ma ba na bari a kwana da shi idan akwai hoton rawa a ciki. Tambari kuwa na cire shi daga shafuka, sai a bangon baya kaɗai. Yarinyar da ke riƙe min fitila a wurin biki, wayarta a jakata take kwana har mu fito.

Abin da ya fi sauya min aiki shi ne tambaya ɗaya da nake yi wa uwar biki kafin a fara: "Hajiya, su wa ba a so a ɗauka?" Da farko sai su yi shiru, sannan a fara nuna min da ido, waccan mai koren leshi, waccan ta kusa da ita, matar Alhaji wane. Ashe kullum akwai su, ba a dai taɓa tambaya ba ne. Idan irin waɗannan suka shiga fili sai in sauke kyamara ƙasa yadda kowa zai gani. Na rasa hotuna masu kyau ta haka, wasu har yanzu ina ganin su a raina. Ina kuma zuwa da takarda shafi guda da Hausa, ba Turancin lauyoyi ba: nawa ne kuɗi, yaushe za a karɓi aiki, wa kaɗai zan miƙa wa, wata nawa zan ajiye kafin in goge, da layi na ƙarshe inda za a zaɓa ko an yarda in nuna wani abu a shafina ko ba a yarda ba. Yawanci ba a yarda. Shafina yanzu cike yake da hannuwa masu lalle, da ɗaurin gwaggwaro ta baya, da turaren wuta yana tashi, da ƙwarya a cikin ruwa. Abokan sana'a sun ce na kashe kasuwata da kaina. Gidajen da ke kira na yanzu saboda rashin fuskokin nan suke kira, kuma ba sa ja-in-ja a kan farashi kamar masu son a gan su.

Abin da har yanzu ke ƙona min rai shi ne, a duk wurin kamu akwai wayoyi sun fi ɗari, ana ɗauka, ana ɗorawa tun kafin a tashi. Wasu gidajen sun fara sa mai gabatarwa ta yi shela a ajiye waya, ana kuwa ajiyewa na minti goma. Amma ranar da wani abu ya fita, mai babbar kyamara za a fara nema. Shi ya sa idan uwar biki ta ce sirri take so, nake ce mata ta sa a karɓi wayoyi a ƙofa, in ba haka ba a rubuta a takarda cewa abin da ya fita ta wayar baƙi ba ruwana. Kwanan baya wata Hajiya ta ture takardar ta ce, "Haba 'yata, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" Na ce, "Mama, don tsakaninmu ɗin ne." Ta ƙi sa hannu, na ƙi karɓar kafin alƙalami, aikin ya tafi wurin wata. Babban aiki ne, kuma a watan ina bukatar kuɗin haya.