Darɓar da ta bushe a bayan ganye

Tambayar da 'yan lambun bakin Jakara suka fi yi wa malamin gona ita ce, "Malam, wane magani ne ya fi ƙarfi?" Aikin nan ya koya mini kada in amsa sai na juya ganyen kabeji na duba bayansa.

A cikin darɓar da ta taru a wurin, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, akan ga wasu sun kumbura, sun bushe, sun koma ruwan ƙasa, wasu ma da ɗan rami zagayayye a bayansu. Wani ɗan mitsitsin zanzaro ne, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya saka ƙwansa a cikin darɓar. Tsutsarsa ta cinye ta daga ciki, ta rikiɗa, ta huda ta fice. Ba ya harbin mutum. Akwai ɗan'uwansa Trichogramma, shi kuma cikin ƙwan malam-buɗe-littafin dare yake saka nasa, tsutsar malam-buɗe-littafin ba ta ko ƙyanƙyashewa.

To magungunan feshi irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin da ake saye a shagunan Sabon Gari ba su san abokin manomi ba. Zanzaron ne ke yawo a kan ganye, shi feshin ya fi samu, darɓa kuwa tana laɓe cikin naɗin ganye. Ita ba ta buƙatar namiji kafin ta haihu, kuma cikin kamar mako guda 'ya'yanta sun fara haihuwa. Kafin zanzaro ya farfaɗo ta cika lambu. Sai mai lambu ya ce maganin jabu ne, ya ƙara murfi biyu a tanki. Haka aka yi ta yi a Kadawa da Kura a 2016 lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye tumatir, feshi kan feshi, tsutsa tana kwance cikin ganye.

Ban ce a jefar da tanki ba. Wanda ya ci bashin taki ba zai zuba wa kabejinsa ido ba. Abin da nake ce musu shi ne, "Baba, in busassun sun yi yawa, a ba su kwana uku a sake dubawa." In feshin ya zama dole, a bi kunyoyin da abin ya kama kawai, da yamma bayan zuma ta koma gida. Dattawa sun fi saurin yarda, don suna tuna lokacin da ake noma kabeji ba a feshi kowane mako. Matasa sai na fasa busasshiyar darɓa a kan farce sun ga tsutsar da idonsu.