Sauraron tauraro daga saman soro a Sakkwato

Innata ba ta sayen tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kara kunne. In ƙarar ta fito garau ta biya, in ta dushe ta ajiye, don ta san akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Da wannan na fara gane aikin da Malam ya ɗora mini a shekarata ta ƙarshe a sashen fiziks, wato nazarin kaɗawar taurari. Ba mai iya leƙa cikin tauraro. Amma iskar da ke tafarfasa kusa da fuskarsa tana tayar da sauti, sautin ya nutsa ciki ya dawo, fuskar ta riƙa kumbura tana sacewa. Ƙaton tauraro muryar tambari gare shi, ƙarami kuwa kalangu ne. Ranarmu takan yi bugunta kusan duk minti 5, kuma Robert Leighton da abokan aikinsa ne suka fara gano haka a Mount Wilson ta Amurka a 1960.

Malam ya zuba mini ma'aunan bugun rana a filashi ya ce in je in fitar da muryoyin da ke ciki. Bazara ce, ɗaki ba ya zaunuwa, sai na riƙa hawa soro bayan sallar isha'i da kwamfutar da na caja a shago. A dare na tara zanen ya fito: layuka tsaye reras kamar haƙoran matsefi, sun fi tsayi wajen maikirohaz 3,000 (ma'aunin saurin bugu ne, maikirohaz ɗaya na nufin bugu ɗaya cikin sakan miliyan), da tazarar kusan 135 da littafi ya faɗa. Sai kuma na ga kowane dogon layi yana da 'yan ƙananan layuka dama da hagu, tazararsu 11.57 daidai. Littafin da ke hannuna bai ambace su ba. Ranar ko barci ban yi ba.

Da safe na same shi a ofis.

"Malam, ina jin na gano wani sabon abu."

Ya duba takardar ya ɗan jima. "Madalla, ka yi ƙoƙari. Sakan nawa ne a kwana ɗaya?"

Na ce 86,400.

"To, raba ɗaya da shi."

Na raba, na mayar da amsar maikirohaz, ga 11.57 ta fito. Layukan nan ba muryar rana ba ce, sawun faɗuwarta ne. Ma'aunan na tasha guda ne, kullum magariba ta yi sai su yanke, giɓin da ke maimaituwa kowane dare shi ya haifi layukan ƙarya. Da gangan ya ba ni su haka. Na ji zafi ƙwarai, amma ban taɓa koyon abin da ya zauna mini kamar wannan ba.

Daga nan na daina yi wa sunayen da ke saman takardun bincike kallon ado. Dalilin giɓin nan ne jami'ar Birmingham ta kafa BiSON, tashoshi 6 a sassan duniya, ciki har da Sutherland a Afirka ta Kudu da Izaña a Tenerife: rana na faɗuwa wa wannan, wancan ya karɓa. Mu a Sakkwato bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Sau nawa hazo ke rufe mana sama a daren duban wata, labarin gani ya zo fadar Sarkin Musulmi daga wani gari mai nisa?

Mutumin da na fi bin aikinsa shi ne Jørgen Christensen-Dalsgaard na jami'ar Aarhus a Denmak. Lissafin cikin rana da ya fitar a 1996 tare da tarin abokan aiki, wanda ake kira Model S, har yau da shi ake gwada ma'aunai. Amma a ganina abin da ya fi wannan girma shi ne ƙungiyar da aka jagoranta daga Aarhus bayan an harba Kepler, na'urar hangen taurari, zuwa sararin samaniya a 2009, inda ɗaruruwan masana suka yi tarayya a kan bayanan na'urar da ta zuba wa taurari kusan 150,000 ido shekara 4 ba tare da gari ya waye mata ba. Daga wannan tarayya ne Paul Beck, ɗalibin Conny Aerts a Leuven ta Beljiyam, ya nuna a 2012 cewa cibiyar jan ƙaton tauraro tana juyawa aƙalla ninki 10 fiye da fuskarsa. Ɗalibi ne fa, sunansa a gaba, na manya a baya. Wannan ya taɓa ni. A 2022 aka haɗa Christensen-Dalsgaard da Aerts da Roger Ulrich a kyautar Kavli ta kimiyyar taurari.

Da can ɓoye aikina nake yi kada wani ya riga ni. Yanzu mu uku ne, ni da abokin karatuna da wata ƙanwarmu 'yar aji uku. Bayanan TESS, wata na'urar hangen taurari da aka harba a 2018, a buɗe suke ga duk mai intanet, sai mu haɗa kuɗin data mu sauke. Duk layin da ɗayanmu ya gani, sauran biyun za su nemi hanyar ƙaryata shi kafin ya kai teburin Malam. Makon jiya ita ta kama nawa, kuma daren yau tauraronta za mu duba.