Ranar da Na Ce wa Inna Ta Adana Mana Waƙarta

Muryar Inna da ta rage mana a duniya ba ta kai minti biyar ba. A cikin minti biyar ɗin ma rabi ƙarar janareto ce da kukan lasifika. Sauran kuma gaisuwa ce: ta gaida shugaban taro, ta gaida manyan baƙi, ta yi wa Kano addu'ar zaman lafiya. Matar da ta san waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe, wadda za ta raba dare tana jero tatsuniya ba ta maimaita ɗaya ba, abin da muka tsira da shi daga bakinta ke nan. Kuma ni na jawo, ba wani ba.

Ƙungiyarmu ta samarin unguwa ce a cikin birnin Kano, ba nisa da Kasuwar Kurmi. Da can aikinmu bai wuce yashe kwata kafin damina da gyaran maƙabarta ba. Ni malamin firamare ne, kuma a aji abin ya fara damuna. Wata rana na tambayi 'yan aji biyar wa ya taɓa shiga Gidan Makama, sai hannu biyu suka tashi, alhali da ƙafa ake zuwa daga makarantar. Sun ji sunan Muhammadu Rumfa, amma ba su san shi ne sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ba, ba su san a zamaninsa aka kafa kasuwar da iyayensu suke neman abinci a ciki ba. Na kai maganar gaban ƙungiya, aka amince mu riƙa shirya wani abu duk wata: ziyara, tarihin unguwa daga bakin dattawa, tatsuniya, da koyon sana'o'in hannu.

Ziyarce-ziyarcen ba su ba mu wahala ba. Mun hau Dala, mun shiga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, mun je marinar Ƙofar Mata. A marinar ne wani dattijo ya tsamo ƙyalle daga cikin ramin baba, ya fito kore-kore, ya ɗaga shi iska ta buge shi, a kan idon yaran ya rikiɗe ya koma shuɗi. Wata yarinya ta ce sihiri ne. Dattijon ya yi dariya ya nuna mata ganyen baba da toka da kanwa, ya ce ga sihirin nan, sai haƙurin jira ruwan ya nuna. Nasarar waɗannan fitar ce ta hau mini kai, na ce lokaci ya yi da za mu yi babban taro, gari ya san da mu.

A nan Inna ta shigo. Ba kakata ba ce, amma duk unguwa haka muke kiranta, kuma da ni take wasan jika. Ta haura tamanin da biyar. Ta ga ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero tana budurwa, ta yi aure a zamanin Sarki Sanusi, kuma a bakinta na fara jin yadda buhunan gyaɗa suke a jibge kamar duwatsu a wajen Ƙofar Mazugal. Na je gidanta da yamma bayan la'asar don in roƙe ta ta zo taron. Na tarar da ita a kan tabarma a gindin bango, tana tsintar shinkafa a faifai, jikoki biyu suna wasa da murfin kwano a gefenta. Ina faɗin abin da ya kawo ni, ba ta ma bari na kai ƙarshe ba. Ta ajiye faifan a cinya, ta fara buga gefensa da yatsu kamar saukar taɓarya, ta ɗauko wata waƙar daka. Muryar ta tsufa amma ba ta karkace ba. Surukarta da ke bakin murhu ta juyo tana amsawa.

Wayata tana aljihuna, cajinta a cike. Abin da ya kamata in yi bai wuce in ciro ta, in nemi izini, in danna ba. Sai na ɗaga hannu na ce, “Inna, ki adana mana ita, akwai babban taro. Za mu kawo mai kyamara, a ɗauke ki da kyau.”

Ta dube ni ta ce, “Maigida, yanzu fa ta zo mini.”

Na ce ai ranar ma za ta zo. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Wannan ɗaga hannun nake gani duk lokacin da na bi ta lungun gidan. A raina a lokacin girmama ta nake yi. Gani nake waya ta yi ƙanƙanta ga irin abin da ke bakinta, kuma tsakar gida da hayaƙin murhu da kukan akuya ba wurin ɗaukar tarihi ba ne. Yayata ta gaya mini gaskiya tun a daren. Ta ce, “Kai, Inna ba za ta buɗe baki ta yi waƙar daka a gaban maza baƙi ba, ko za ka ba ta kujerar Makka.” Na ce mata mun ware ɓangaren mata. Ta yi shiru, irin shirun da yayye mata ke yi idan sun ga ƙaninsu ya riga ya yanke.

Wata huɗu muka yi muna shiri. Kuɗin karo-karonmu da abin da 'yan kasuwar unguwa suka taimaka da shi, kusan kashi biyu cikin uku ya tafi a hayar ɗakin taro da kujeru da katin gayyata da lemo da mai kyamara. Ɗakin taron ma ba a cikin birni yake ba, sai da muka yi shatar adaidaita sahu don kai tsofaffi. A duk wata huɗun nan gidan Inna yana nan, tafiyar minti uku daga ƙofar gidanmu. Na shiga sau biyu, duka don in tuna mata ranar taro.

Mun rubuta ƙarfe 10 na safe a kati. Inna ta iso tun tara da rabi cikin sabon mayafi, aka zaunar da ita a kujerar roba. Ba a buɗe taro ba sai wajen sha biyu saura, saboda jiran manyan baƙi. Aka yi addu'a, jawabin maraba, jawabin shugaban taro, jawabin uban taro. Malamin jami'ar da muka gayyata ya yi lacca mai kyau kan ganuwar Kano, tun daga Sarki Gijimasu da ya fara ginin a ƙarni na 12 har faɗaɗawar da aka yi daga baya, ba ni da abin cewa game da shi sai godiya. Amma kafin a zo kan Inna azahar ta gabato, mutane sun fara duba agogo, yaran da aka shirya abin dominsu kuma mun tura su can baya saboda kujerun gaba na manya ne.

Da na je kama hannunta zuwa kan dandamali ta raɗa mini cewa tatsuniya da rana tsaka, ko an ɗaure Gizo? Na ce ba komai Inna. Ta hau da ƙyar. Aka miƙa mata abin magana, ta riƙe shi nesa da baki kamar mai zafi. Ta yi gaishe-gaishenta. Sannan ta duba ɗakin, ta ce a hankali, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Aka yi tafi.

Ba wanda ya ce “ta zo mu ji ta.” Yaran da za su faɗa suna can baya ba su ma ji ta ba, manyan da ke gaba kuwa sun ɗauka abin burgewa ne, suka tafa. Ta tsaya jim, ta ce Allah Ya ba Kano lafiya, ta miƙa wa mai gabatarwa abin maganar. Maganar waƙar daka ko tayar da ita ba a yi ba. Babu turmi, babu taɓarya, babu matan da za su yi lugude su amsa mata, da me za ta yi? A ranar kowa ya yaba taron. An ɗauki hotuna, an sa a Facebook, an ce samarin unguwa sun yi abin a zo a gani.

A hanyar komawa na ba ta haƙuri, na ce zan zo gida mu yi a tsanake. Ta ce to. Sai jarrabawar ƙarshen zango ta taso, sai biyan bashin mai kujeru da ya rage, sai na ce bari a wuce salla. Zazzaɓi ya kama ta da shigowar damina, 'yarta ta tafi da ita garinsu jinya. Mako bakwai bayan taron aka aiko da rasuwarta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Kuɗin ɗakin taro an mayar da shi cikin shekara. Abin da ba ya mayuwa shi ne na wancan yammacin. Tatsuniyoyin Hausa an fara tara su a takarda da daɗewa; wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga kundi uku tsakanin 1911 da 1913, kuma yawancinsu malamai maza ne suka rubuta su da ajami. Waƙar da mace ke yi a bakin dutsen niƙa kafin gari ya waye, wadda take saka habaicinta ga kishiya da kewar gidan iyayenta a ciki, tana bayan zaure, inda baƙo ba ya shiga. Injin niƙa ya kashe dutsen, siminti ya kashe daɓe, daka ma a birni ta zama sai jifa-jifa. Waƙoƙin sun rage ne kawai a kawunan matan da suka yi aikin da hannunsu, kuma kowace damina ana raguwa. Na san wannan duka tun kafin in je gidan Inna, shi ya sa abin yake ci mini rai. Ba jahilci ne ya sa na ɗaga hannu ba, son a ga taro ne.

Yanzu mun sake salo, kuma duk wanda ya zo daga wata unguwa yana tambayar yadda za su fara, abin da nake fara gaya masa shi ne kada ya kama ɗakin taro. Idan tsohuwa ta fara, ka nemi izini ka ɗauka a take, ko da akuya na kuka. Mai kyamara ya zo daga baya in Allah Ya sa da rabo. Ɓangaren mata kuwa mun bar wa mata. Yayata da wasu 'yan mata huɗu su ke shiga gidaje bayan isha'i, yara a zagaye a kan tabarma, waya a ajiye a kan kujera 'yar tsugunno ba a soka ta a bakin kowa ba. Kafin nan an gaida maigidan, an gaya wa tsohuwar abin da za a yi da muryarta. Wasu sun ce murya kawai ban da hoto, wasu sun ce a ajiye wa jikoki amma kada a sa a intanet, kuma yadda suka ce haka ake yi. Ba a zuwa hannu rabbana: goro, sabulu, wani lokaci turmin atamfa idan an daɗe ana zuwa. Duk abin da aka ɗauka a daren ake tura shi waya ta biyu, washegari a sa a kwamfuta, a rubuta ranar da irin waƙar a littafi.

Na maza a zauren mai unguwa muke yi tsakanin la'asar da magariba, babu shugaban taro, babu jawabi. Dattijo ɗaya ake ba wa fili, samari su tambaya. A nan ne muka ji yadda aka yi fama da lissafi a Kurmi lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, da yadda baduku yake gane fatar da ta jemu da kyau da taɓawa kawai. Idan azumi ya kai goma kuma, mukan tara yara a koya musu tashe yadda iyayensu suka yi shi, su zaga gidajen unguwa. Duk wannan kuɗinsa na wata bai kai abin da muka kashe a lemon wancan taron ba, kuma yaran su ne a gaba.

Watannin baya yayata ta gano wata tsohuwa da suka zauna gida ɗaya da Inna suna amare, tare suke daka. Na roƙa aka tambayar mini ita waƙar nan ta faifai, na rera wa yayata ɗan abin da na riƙe na karinta. Tsohuwar ta gane ta nan take, har ta yi amshin sau uku ana ɗauka. Da aka ce ta kawo baitocin sai ta girgiza kai. Ta ce Inna ce mai bayarwa, su amshi kawai suke yi.