Haruffa 1024 da suka tsayar mana da aiki a Gombe

Kwamfutoci 46 nake kula da su a wurin aikinmu, yawancinsu a babban ofishi da ke cikin garin Gombe, sauran a rassanmu na Kumo da Billiri da Bajoga. Tattara saitunan muhallinsu, wato bayanan da Windows ke ajiyewa domin manhajoji su yi amfani da su, irin su PATH (jerin foldojin da kwamfuta ke dubawa idan tana neman manhaja) da JAVA_HOME da TEMP, bai ba ni wahala ba. Ɗan rubutun umarni ne na PowerShell yake shiga kowace na'ura ta WinRM (hanyar sarrafa kwamfutar Windows daga nesa) da ƙarfe 8 na safe, ya karanto abin da ke rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, ya ajiye shi da sunan na'urar da kwanan wata.

Bayan mako biyu na lura cewa PATH na kwamfutoci da dama ba shi da foldar da manhajar lissafin kuɗinmu take buƙata, sai na yanke shawarar gyara su duka a tashi ɗaya, ranar Alhamis bayan la'asar. Na yi amfani da setx, umarnin Windows na sauya irin waɗannan saitunan, na ce ya ɗauki PATH yadda yake ya ƙara sabuwar folda a ƙarshe. Abin da har yau yake cina shi ne, setx ba ya ajiye abin da ya wuce haruffa 1024, yana datse sauran ne, kuma yana faɗa. Yakan fitar da gargaɗi, sannan ya biyo da saƙon cewa an ajiye. Rubutuna kuwa saƙon nasara kaɗai na koya masa ya duba, don haka na tashi aiki ina ganin 46 cikin 46.

Da yake canjin ba ya shafar manhajar da take buɗe, babu wanda ya ga komai sai safiyar Juma'a, ranar da ake shirya albashi. A kwamfutoci 17 masu dogon PATH, wutsiyar ta tafi, har da foldar da na ƙara. Shugabar sashen kuɗi ta kira ni ta ce, "Malam, me ka taɓa mana jiya?" Na ce, "Ranki ya daɗe, laifina ne, a ba ni zuwa sallar Juma'a."

Fayilolin da nake tarawa domin sa ido su ne suka fitar da ni kunya, domin daga na safiyar Alhamis na mayar da 14 kafin azahar. Sauran ukun kuwa na Bajoga ne, kuma babu ko ɗaya da nake da kwafinta. Ashe sai ƙarfe 9 ake tada janareta a can, rubutuna yana zuwa ya tarar da su a kashe ya wuce shiru, ni kuma ban taɓa ƙirga fayilolin ba. Ranar Asabar na hau mota zuwa Bajoga, na zauna ina bin manhajojin ɗaya bayan ɗaya ina haɗa PATH da hannu.

Yanzu ba na bari setx ya kusanci PATH. Group Policy nake amfani da shi, wato tsarin Windows na tura saiti ga kwamfutoci da yawa daga wuri ɗaya, domin yana iya ƙara yanki ɗaya ba tare da ya sake rubuta sauran ba, kuma a na'ura biyu nake fara gwadawa, in kashe su in kunna kafin in taɓa na kowa. Rahoton safe ma na sauya shi: layin farko sunayen kwamfutocin da ba su amsa ba ne, na biyu tsawon PATH na kowace, ana kwatanta shi da na jiya. Na kuma mayar da lokacin tattarawa ƙarfe 11, saboda janaretan Bajoga.