Abin da na koya a warshar gyaran jallaya a Jidda

Ƙarshen watan nan zan bar warsha, wato shagon gyaran da nake aiki, in Allah ya yarda, shi yasa nace bari in rubuta wannan saboda ƙannenmu da suke shigowa aikin gyaran kayan gida a nan Jidda, musamman jallaya, injin wanke kwanukan nan da yanzu ake gani a matbak, wato kicin, na sababbin shiƙƙa, wato gidajen fulat. Kiran da ake mana a kanta yawanci biyu ne, ko ruwa ya ƙi fita ko kuma ya malalo ƙasa. Kuma sau da yawa ita jallayar lafiyarta ƙalau, matsalar tana ƙarƙashin sinki ko cikin bango. Faɗin wannan maganar ne ya jawo min asarar rabin albashi.

Wata Hajiya ce 'yar uwarmu, haifaffiyar Makka, ta kira warsha tace jallayarta tana tsayawa da ruwa a ciki yana wari. Mudir, wato ogan warsha, tun a waya, bai ga inji ba bai ga gidan ba, yace mata turumba ce, wato famfon da ke fitar da ruwa, ta mutu, ya yanke mata kuɗi, ya miƙo min sabuwa a kwali yace je ka saka. Da na je abin da na saba shi na fara yi. Na cire matatar ƙasa, shinkafa da ƙwallon zaitun da tsinken sakace, na wanke. Na buɗe murfin turumba na juya farfelarta da yatsa, tana juyawa sumul babu gilashi babu komai. Sai na kwance tiyon fitar ruwa daga ƙarƙashin sinki na sa bakinshi a bokiti na kunna, ruwa ya fito da ƙarfi har yana fantsama min a riga. Kaga kenan turumba ba ta da laifi. Na cika sinki na saki, ruwan yana tafiya da ƙyar yana gurnani, ga tiyon kuma wanda ya fara haɗa injin ya barshi kwance a ƙasa, to duk ruwan dattin sinki da bai samu hanya ba sai ya gangaro cikin jallaya. Da na leƙa bututun da tocilan waya, kitsen rago ne fari fat ya daskare a jiki, hanyar da ta rage ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Gidan da ake kabsa da mandi, shinkafa da naman Larabawa, kullum ana zuba romon a sinki, dole.

Na kira mudir na masa bayani, nace aikin sabbak ne, wato mai gyaran famfo, a kawo susta, wayar da ake zurawa a bututu, a buɗe bututun bango. Yace ni ba sabbak ya ɗauke ni ba, in saka abin da ya bani in karɓi kuɗi in fito, kuma kar in buɗe baki. Wanda iƙamarshi, takardar izinin zama, take hannun mutum ya san yadda irin wannan maganar take sauka. Na saka, na ɗaga tiyon na ɗaure shi sama daf da ƙarƙashin kanta kamar yadda ya kamata, kuma duk da haka kafin in fita nace mata Hajiya dan Allah ki kira sabbak yau ɗin nan, bututunki a toshe yake. Tace "to ɗana, amma ai mudirinku yace turumba ce kawai." Ba laifinta bane, maganar babba ta ɗauka.

Ba a yi sati ba suka yi baƙi, aka loda jallaya da daddare aka kunna aka je aka kwanta. Ta turo ruwa cikin bututun da ya riga ya rufe, ruwa ya cika sinki, mahaɗar ƙasa ta saki, kabad ɗin katako ya sha ya kumbura, ruwa ya sauka har silin maƙwabcin ƙasa. A gaban Hajiya da harisi, mai gadin gidan, mudir ya nuna ni yace wannan ne bai iya ɗaure tiyo ba. Ni da na kira shi a waya na faɗa mishi komai. Ya ɗora min jakar tsaba, ya zaftare min albashi wai diyya, ita kuma tsohuwar turumbar da na ciro, da idona na ga ya sayar da ita ga wani a matsayin ta hannu mai kyau. Hajiya daga baya da sabbak ya zo ya ciro abin da ya ciro ta kira ni tace ɗana ka yafe min, na yafe mata har zuciya. Shi mudir kam har yau bai ce komai ba, kuɗina kuma bai dawo ba, kuma ban manta ba. Tun daga ranar duk abin da na gani sai na ɗauki bidiyo na tura mishi a WhatsApp da rubutu, ya karanta ko kar ya karanta, yana nan a ajiye. Ku ma ku riƙa yi tun ranar farko.

Malalar ruwa kuma, kafin ka taɓa sukudireba ka tambaya wane sabulu aka zuba. Sabulun ruwa na wanke-wanke da hannu irin su Fairy, ko kaɗan ne ya shiga sai kumfa ta cika injin ta biyo ƙofa. Kuma in ka gane haka ne ka yi bayanin a hankali, don sau da yawa mai aikin gidan ce ta zuba, babu wanda ya taɓa nuna mata, kar kalmarka ta sa a kore ta. In kuwa ka zare wuta amma ruwa bai daina shiga ba, balf ɗin shigar ruwa ne ya maƙale, yashin tanki ne yawanci, musamman gidajen da wayit, wato motar tanka, ke kawo musu ruwa, ka fara rufe famfo tukuna. A Bosch in ka ga lambar E15 ruwa ne ya taru a farantin ƙasa ya ɗaga awwama, abin da ke tasowa saman ruwa ya sanar da injin akwai yoyo, shi yasa turumba take ta aiki ba tsayawa, wasu sai su karkata injin ruwan ya zube lambar ta ɓace su karɓi kuɗi, alhali inda yake yoyo yana nan. E24 na fitar ruwa ne, a LG kuma OE, duk matata da tiyo zaka fara dubawa, wani lokacin ma tura injin aka yi cikin bango tiyon ya lanƙwashe.

Ɗan ruwan da ke kwance a ramin matata bayan an gama wanki ba ciwo bane. Sabon sifon, bututun nan na ƙarƙashin sinki, yana zuwa da toshi a bakin da ake jona tiyo, in ba a cire ba ko ɗigo ba zai wuce ba. Robar ƙofa a goge ta. Wutar Saudiyya 60Hz ce, in an kawo inji daga ƙasar da ke kan 50Hz ka karanta takardar jikinshi kafin ka yi wa kowa alkawari. Gishirin jallaya daban yake, kar a zuba na miya.