Abin da ya same mu bayan mun shigo da Rust cikin manhajarmu

Shekara tara ke nan ina cikin masu kula da wata ƙaramar manhaja mai buɗaɗɗen tushe (wato kowa na iya duba rubutunta ya ba da gudummawa) wadda ke karanta fayilolin hotuna, kuma tun daga layinta na farko da harshen rubuta manhaja na C aka rubuta ta. Mu huɗu ne muke da ikon amincewa da duk wani gyara. A 2023 wani matashi da ya daɗe yana ba mu gudummawa ya nemi izinin sake rubuta sashen buɗe fayil da harshen Rust, wanda aka tsara domin kauce wa kurakuran sarrafa ma'adanar ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce, domin a wannan sashen ne kurakuran sarrafa ma'adanar ƙwaƙwalwa suka fi damunmu, irin waɗanda kamfanin Microsoft ya bayyana a 2019 cewa su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da yake toshewa kowace shekara. Ga shi kuma Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci masu yawa, da kanta ta buɗe wa Rust ƙofa a siga ta 6.1, a watan Disamban 2022. Ni ne na fara cewa a yarda.

Aikin ya yi kyau, ban kuwa taɓa musanta hakan ba. Fayilolin gwaji masu lalatattun bayanai da suke durƙusar da tsohon sashen, sabon yana ƙin karɓarsu cikin natsuwa ya ci gaba da aiki.

Matsala ta fara ne mako biyu bayan fitar da sabuwar siga. Wani mai shirya manhajarmu domin tsofaffin kwamfutoci ya turo mana saƙo ɗauke da layin kuskure guda, cewa na'urarsa ba ta da manhajar harhaɗa Rust kwata-kwata, wato wadda ke mayar da rubutun Rust manhaja mai aiki, saboda haka abin da ya shekara yana ginawa da umarni ɗaya ya tsaya cak. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san labarin cryptography, wani tarin rubutun manhaja na ɓoye bayanai da masu amfani da harshen Python ke dogara da shi, wanda ya shigo da Rust a siga ta 3.4 a Fabrairun 2021 ya jefa masu irin waɗannan na'urori cikin wannan halin, amma na ɗauka ƙanƙantarmu za ta kare mu. Wani abokin aikinmu kuma da ke amfani da datar waya sai da ya sauke kayan aiki na ɗaruruwan megabait kafin ya iya gwada gyaran layi uku, kuma daga nan zuwansa ya ragu.

Babbar wahalar ta zo ne da matashin ya samu aiki ya rage leƙo mu, wanda haƙƙinsa ne, tunda ba biyansa muke yi ba. Wani gyara na sashen Rust ya yi wata huɗu yana jira, domin cikinmu babu wanda zai karanta shi ya sa hannu da kwanciyar hankali. Na kwana ina duban wurin da C ke miƙa wa Rust bayanai, inda aka rubuta kalmar unsafe, wadda ke nuna wurin da Rust ba ya iya tabbatar da kariya da kansa, ina tambayar kaina wane ɓangare ne ke da alhakin sakin ma'adanar. A lokacin ne na fahimci rigimar da ta tashi tsakanin masu kula da Linux a farkon 2025, wadda asalinta tambaya ce ta wanda zai ɗauki nauyin gyara idan an taɓa mahaɗar harsunan biyu. Mu mun tattauna fifikon harshe kan harshe har muka gaji, amma ba mu taɓa tambayar wa zai duba aikin bayan shekara uku ba.

Ba mu cire Rust ba. Mun mayar da shi zaɓi wajen ginawa, muka bar tsohon sashen C ga masu buƙatarsa, duk da cewa hakan ya ninka mana gwaji. Mun kuma rubuta sharaɗi cewa ba za a ƙara wani harshe ba sai mutum biyu daga cikin masu amincewa da gyara sun iya shi sosai. Ni da kaina na zauna na koyi Rust tsawon wata shida, kuma da aka zo mana da shawarar shigo da harshen Go a bara, na ce a dakata har sai an samu mutum na biyu.